Sabon Shugaba a Abuja, Ƙaramin Kurma a Doguwa

A watan Agusta na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan Babban Sakataren Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, ya gaji James Lalu wanda ya riƙe ta tun kafa ta a 2020. Gufwan ɗan Filato ne. Shan inna ta kama shi yana ƙarami, ya yi karatun lauya, kuma an san shi da cibiyar Beautiful Gate da ke Jos, inda ake ƙera kekunan guragu ana rabawa kyauta. Ya san ciwon daga jikinsa.

Amma mu da muke bin hanyar nan da ta rabu a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa kafin ta nufi Jos, tambayarmu ta fi kusa da gida. Me sauyin shugabanci zai kawo wa yaro ɗan shekara uku a Riruwai wanda sanƙarau ya tafi da jinsa?

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi suna ne da abubuwan da suka shafi manya: kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine, wanda ya cika a farkon 2024. Akwai wani sashe da ba a cika ambata ba. Ya wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan koyar da masu buƙata ta musamman, kuma ya ce a sa maganar hannu da rubutun makafi cikin manhaja. A ganinmu, da wannan sashe ya kamata a auna kowane sabon shugaba, na hukuma ne ko na ƙungiyar malamai. Mai neman gurbin aiki yana da bakin da zai yi ƙorafi a rediyo. Ɗan shekara uku ba shi da shi.

Dalilin gaggawar kuwa yana cikin halittar yaro. Harshe, na baki ko na hannu, a shekarun farko ƙwaƙwalwa take ɗaukarsa cikin sauƙi, kuma yaron da ya kai shekara bakwai ba ya da ko ɗaya daga ciki yakan daɗe yana biyan bashin. Saboda haka likitoci a Amurka suka kafa ƙa'idar a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Can ma malaman ƙananan yara masu buƙata ta musamman suna da reshensu na kansu tun 1973, wanda aikinsa shekarun farko ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. Musabbabanta ba baƙi ba ne a gidajenmu: ƙyanda, sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, da kunne mai zubar da ruwa wanda ake ta ɗiga wa mai ana jiran ya bushe.

A wajenmu yawanci uwa ce take fara lura. Faranti ya faɗi, jariri bai razana ba. An kira shi daga baya, bai waiwayo ba. Sai dangi su ce nauyin baki ne, wane ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. Wasu su ce iska ce, a shiga neman magani. Ba mu hana kowa addu'a ba, amma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma gwajin ji yana cikinsa. Kafin a yarda a kai yaron asibiti a Kano, damina uku ta wuce.

Daga nan sai a ce a kai shi Tudun Maliki, makarantar kurame da makafi ta cikin birni. Makarantar ta yaye mutane masu yawa, sai dai wace uwa ce a Kafin Maiyaki ko Tiga za ta miƙa ɗan shekara huɗu makarantar kwana? Ba za ta yi ba, kuma ba mu ga laifinta ba. Taimakon shekarun farko dole ya iske yaro a garinsu: a ajin share fage na firamaren unguwa, a wajen awon jarirai da rigakafi, da kuma Islamiyya, wadda a ƙauyuka da yawa ita ce makarantar da yaro yake fara shiga.

Kayan aikin ba daga nesa za a ɗauko su ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar wanda ba ya magana a aure da ciniki matuƙar ana fahimtarta, don haka iyayen da suke hana yaro nuni da hannu wai kada ya ƙi buɗe baki ba su da madogara a addini, bincike ma bai goyi bayansu ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman da ke yaye malamai. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, kuma ɗaukar malamai na cikin abin da ya biyo baya.

Abin da ya rage shi ne mai bin diddigi. Hukumar Gufwan ba ta tura malami aji. Wannan aikin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha ne da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Amma doka ta ba ta ikon karɓar ƙorafi da sa ido. Kwamitin iyaye na kowace firamare a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa yana iya rubuta wa sakataren ilimi tambaya ɗaya, ya aika wa hukumar kwafi: wane ne malamin da aka horar a makarantarmu, kuma yaushe zai fara shiga ajin share fage?