Gudu a Hanyoyin Karkara: Turba Tana da Masu Ita

Duk wanda ke fita bayan sallar asuba a Jos, Kaduna, Zariya ko Bauchi ya san masu sassarfa sun ƙaru a gefen titi. Wasu likita ne ya ce musu hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙo su, wasu kuma shirin shiga aikin soja ko na ɗan sanda suke yi. Abin a yaba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da ake gudun. Mutum ya fito neman lafiya, sai ga shi yana haki a bayan tirela yana zuƙar hayaƙi, ɗan acaba na gogar kafaɗarsa. Ga wanda ke kusa da bayan gari, turbar ƙauye mai hawa da gangara ta fi kwalta alheri nesa ba kusa ba, da sharaɗin ya shige ta a matsayin baƙo mai ladabi, wanda ya san lokacinta, haɗarinta da mutanenta.

Hujjar farko tana Gabashin Afirka. Garin Iten na Kenya yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, kuma zakarun gudun fanfalaki na can suna yin yawancin atisayensu ne a kan hanyoyin jar ƙasa da suka ratsa gonakin masara. Eliud Kipchoge, wanda ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a Biyana a 2019, a ƙauyen Kaptagat yake atisaye. Ƙaramin garin Bekoji na Habasha shi ya fitar da Derartu Tulu, wadda ta ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1992, da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Dalilin a fili yake: hawan tudu yana sa zuciya da cinyoyi aiki tuƙuru ba sai an tsananta sauri ba, ƙasa marar daidaito tana ƙarfafa idon sawu, zama a wuri mai bisa kuma yana sa jiki ƙara ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga tuddan Filato, musamman yankin Fankshin, da yawa daga cikin gwanayen dogon gudu na Najeriya suka fito.

Sai dai wanda ya fito daga birni yakan manta cewa a ƙauye ba a gudu haka kawai. In an ga baƙo ya keto gari a guje da sassafe, tunanin farko shi ne ko an biyo shi ko ya biyo wani, kuma a wannan zamani na satar shanu da zargin masu kai wa ɓarayin daji rahoto, ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa ya jawo abin da ba a so. Don haka kafin a fara bin wata hanya, a je da rana tsaka, a yi sallama da mai unguwa ko dagaci, a faɗi ko wane ne da abin da ke tafe da mutum. Matambayi ba ya ɓata: su ne za su ce wannan rafin yana cika da damina, wancan gidan akwai kare mai cizo. In an iske manomi a duƙe, a rage sauri a ce musu sannu da aiki. Kada a yanke ta cikin gona don rage nisa, domin kunyar da aka taka gumin wani ce. In an haɗu da garke a burtali, a tsaya gefe har ya wuce, saboda saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. A sa tufafin da ba za su sa dattawa kau da kai ba, kuma kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton mata a bakin rijiya.

Haɗarin da ke ƙasa ma ba ƙarami ba ne. Kububuwa, wadda ta sa asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ba ya rabo da majinyata, gajeruwa ce mai launin ƙasa, tana kwanciya a gefen turba ta naɗe jikinta, kuma ta fi fitowa da duhu da kuma farkon damina. Maganinta shi ne takalmi rufaffe, bin tsakiyar hanya, da jira sai gari ya waye sosai. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure ƙafar tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A kwantar da hankali, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Shi kuwa kare, gudu ne ke tunzura shi, don haka a tsaya cak, sannan a ja da baya a hankali. In ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nemi allurar rigakafin haukan kare a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tsira. A yankin Jos kuma, kada zafi ya ja mutum ya faɗa tsofaffin kududdufan haƙar kuza, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani.

Lokaci ma yana da hukuncinsa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, gudu bayan hantsi kuwa kasada ce. Wanda ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa a jiki nan take, a nemi asibiti. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya haƙura. Inda hanya ta haɗu da ta babura da motoci, a bi hannun hagu don a riƙa fuskantar abin da ke tahowa, a cire abin sauraron kiɗa daga kunne, musamman a kwana da kan tudu inda direba ba ya hango gaba.

Wani zai ce, da wannan jerin haɗurra ai gara kwaltar. Amsa ita ce kusan duk abin da aka lissafa ana kauce masa da sani da tambaya, amma direban da birki ya tsinke wa ba ya jin sallama. Wani kuma zai kawo batun tsaro, kuma yana da gaskiya: akwai yankunan da bai kamata kowa ya shiga dajinsu da sunan motsa jiki ba, kuma lafiyar da ake nema ba ta kai rai ba. A irin wuraren nan filin makaranta ya wadatar. Inda kuwa ake zaman lafiya, a fita mutum biyu ko uku, a sanar da gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Masu tsoron targaɗe su tuna sabo ne ke kawo ƙwarin ƙafa: a fara da tafiya, a haɗa da ɗan gudu, a taka tudu da ƙafa in ya yi tsauri, a ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Wanda ya haura shekara 40, ko yake jin ciwon ƙirji in ya yi aikin ƙarfi, ya ga likita tukuna.

Saura aikin shugabanni. Ƙananan hukumomi, makarantu da ƙungiyoyin matasa za su iya zama da masu unguwanni su ware hanyoyi sanannu, su auna nisansu, su shirya tseren ƙauye da ƙauye bayan girbi. Hakan zai sa mai gudu ya zama sananne maimakon abin zargi, ya kuma ba yaran da ke hawa da sauka a tuddan nan kullum damar a gane baiwarsu tun da wuri.