Sallamar da Ta Kai Korona Gidajen Tsofaffi a Ingila

A watan Maris na 2020, da labarin cunkoson asibitocin arewacin Italiya ya bazu, hankalin mahukuntan lafiya na Ingila ya tashi. Ranar 17 ga wata, hukumar lafiya ta NHS ta umarci asibitoci su tanadi gadaje 30,000 saboda masu korona da ake sa ran za su kwararo. Hanya mafi sauri ita ce sallamar duk wanda ya ɗan ji sauƙi, kuma da yawansu tsofaffi ne.

Daga ranar zuwa 15 ga Afrilu, kimanin mutum 25,000 aka kwashe daga asibitoci zuwa gidajen kula da tsofaffi, kamar yadda ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana. Ba a wajabta yi musu gwaji ba. Ƙa'idar da aka fitar ranar 2 ga Afrilu ma cewa ta yi ba sai gwaji ya wanke mutum za a karɓe shi ba.

Gidan tsofaffi kuwa ba asibiti ba ne. Ma'aikaciya ɗaya ce za ta yi wa wannan wanka, ta ba wancan abinci a baki, ta juya na kwance kada jikinsa ya yi gyambo. A falo ɗaya ake cin abinci. Dattijuwa mai ciwon mantuwa ba za ta zauna a ɗaki don an ce ta zauna ba. Za ta tuɓe takunkumin fuska, ta fito neman mutane. Ga ƙarancin takunkumi da safar hannu a lokacin.

Abin da aka yi sakaci da shi shi ne, mutum na iya yaɗa cutar tun kafin alamu su bayyana, wani ma ba za su taɓa bayyana ba. Tsoho kuma sau da yawa ba ya tari ko zazzaɓi, sai dai ruɗewa, kasala da ƙin abinci. Gwajin kansa bai wadatar ba, domin wanda ya kamu jiya zai iya tsallake shi yau. Shi ya sa killacewa take da muhimmanci.

A kan haka wasu mata biyu da suka rasa iyayensu maza suka kai ƙara. Ranar 27 ga Afrilu 2022, Babbar Kotu a Landan ta ce tsarin ya saɓa wa doka, tunda bai shawarci gidajen su keɓe sabon zuwa na kwana 14 ba, gwargwadon iko. A ganina hukuncin ya yi daidai: gadon asibiti aka lissafa, aka manta da rayukan da ke inda za a kai mutumin.

Amma ba sallama kaɗai ta shigar da cutar ba. A lokacin, ma'aikatan wucin gadi na zagaya gida biyu ko uku, kuma wanda albashinsa zai ragu idan ya kwanta jinya yakan daure ya fito aiki.