Runduna Don Labari Ko Runduna Don Cin Gasa?

A Ingila akwai wani kamfani mai suna Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa tana Nottingham. Sana'arsa ƙera ƙananan sojojin roba, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya saya shi zai harhaɗa su da gam, ya shafa musu fenti ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jera su a kan teburi su gwabza da na abokinsa. Da tef ake auna tafiyar soja, ƙwayar ludo kuma ita ke raba gardamar ko harbi ya samu. Wasansu da ya fi tashe shi ne Warhammer 40,000, wanda ya fito a 1987.

Mai dara ba ya tambayar tarihin duwatsunsa. A nan kuwa kowace runduna tana da asali da jarumai da tsohuwar gaba, har littattafan labari ake rubuta mata. Ga Orks, korayen ƙattin nan masu son rigima, da suka yarda jar mota ta fi gudu. A tsofaffin dokokin wasan, motarsu mai jan fenti ƙarin inci guda take samu. Wannan shirmen kaɗai ya isa ya sa wani ya kamu da son su, ya shekara yana fentin su, ko da kullum shi ake lallasawa.

Ɗan gasa lissafinsa daban. An ba shi maki 2,000 ya kashe, kowane soja da farashinsa, saboda haka yana neman wanda zai yi ɓarna mai yawa a kan maki kaɗan. Ban ga laifinsa ba. Gasa gasa ce, kuma iya haɗa runduna gwaninta ce.

Sai dai ƙarfin runduna aron riga ne. Kamfanin ya ce burinsa kowace runduna ta riƙa cin tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari na wasanninta, don haka bayan 'yan watanni yakan sake farashi da dokoki. A 2022 rundunar Leagues of Votann ta zo da ƙarfin da ya sa wasu masu shirya gasa suka hana ta shiga, har kamfanin ya ba da haƙuri, ya rage mata kaifi. Da bugu na goma na wasan ya fito a Yunin 2023, 'yan rundunar Aeldari ne suka addabi kowa, su ma ba a daɗe ba aka taka musu birki. Wanda ya zuba kuɗinsa a kansu don nasara kawai, sai ya wayi gari da tulin sojojin da ba ya marmarin ɗaukar burushi dominsu. Gyara doka aikin rana ɗaya ne, fentin runduna kuwa na watanni.

Shi ya sa nake ganin sabon shiga ya zaɓi wadda siffarta da labarinta suka kwanta masa. Kamfanin ma ya san da irin waɗannan 'yan wasa: a 2020 ya fito da tsarin Crusade, inda soja ke samun ƙarin girma ko tabon rauni daga wannan yaƙi zuwa na gaba.

Inda rai ke ɓaci shi ne mai labari ya kawo rundunarsa ta ƙauna, ya tarar da wanda ya zo gwajin gasa, a share shi tun zagaye na biyu. Kafin ku jera sojoji, ka tambayi abokin wasanka irin yaƙin da ya zo yi.