Daga Fumfuna da Ƙasar Gona Magani ya Fito

Mutanen Yamai ba su manta da Ƙaramar Kasuwa ba, wadda ake kira Petit Marché, Zabarmawa kuma su ce Habu Ganda. Kafin gobarar 2012, nan ne matattarar kayan lambu. Idan lemu ya yi fumfuna, mai kaya sai ya zubar da shi. To, daga dangin wannan fumfuna aka samo maganin da ya ceci miliyoyin rayuka.

Mafarin abin

Fumfuna halitta ce mai rai. Akwai kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna cikin ƙasa da ruwa da iska. Kullum suna kokawar abinci tsakaninsu. Wasu sukan fitar da dafi don su kashe abokan gabarsu. Wannan dafi shi masana suka tace, ya zama maganin da ake kira antibiyotik.

A 1928, a birnin Landan, likita Alexander Fleming ya ga fumfuna ta faɗa cikin farantin da yake renon ƙwayoyin cuta. Duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Ya sa wa abin suna penisilin. Amma fumfunarsa ba ta ba da magani mai yawa. Sai a 1943 aka samu wadda ta fi ta albarka, a jikin wani ruɓaɓɓen malo, dangin kankana, daga kasuwar garin Peoria a Amurka.

Albarkar ƙasa

Manomi ya san ƙamshin da ƙasa take yi ranar ruwan farko. Wasu ƙananan halittu ne masu suna sitireftomisis suke kawo shi. Daga jikinsu aka samu sitireftomisin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. A 1947 aka samu kuloramfenikol daga ƙasar wata gona a Benezuwela. Allurarsa ce aka yi wa dubban mutane lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar.

Azitiromisin ma tushensa ƙasa ne, daga tsibiran Filifin. Daga 2014 zuwa 2017 an gwada ba yara ƙanana shi sau biyu a shekara a Boboye da Loga, cikin jihar Doso. Mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100.

Inda haɗarin yake

Ƙwayoyin cuta suna iya sabawa da magani. Idan mutum ya sha kafso biyu ko uku ya daina, masu rauni ne kawai suke mutuwa. Masu ƙarfi su rage, su hayayyafa, su kama iyalinsa. Ranar da ɗansa ya kwanta, maganin ba zai ci su ba.

Kafson da masu talla suke yawo da shi cikin rana ba shi da tabbas. Zafi yana rage ƙarfinsa, wani kuma jabu ne. Araha ba ta ado.

Abin kiyayewa

Kada a sha antibiyotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. A saya a farmasi, a sha har kwanakin da ya faɗa su cika. A sani ba ya maganin mura, don ƙwayarta wata iri ce dabam.

Makiyayi ya nemi likitan dabbobi kafin ya yi wa saniya allura. Ya tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta.

Kada kuma wani ya ci abinci mai fumfuna da sunan magani. Fumfunar gyaɗa da masara tana da dafi mai lalata hanta.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.