GYARAN BAHON WANKA DA YA TSUFA

Da wuya ka shiga gida a ƙauye ka rasa baho ko daro. A cikinsa ake wanke jariri ran da ya zo duniya, a cikinsa maijego ke surka ruwanta, a cikinsa kuma ake jiƙa tufafi. Abin da ke aiki haka kullum lalle ne ya gaji. Farinsa ya ɓare, tsatsa ta fito, gindinsa ya yi kaushi. Galibi ba mai kula, sai ran da ya fara yoyo.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a san yadda aka yi shi. Bahon nan mai farin sheƙi, irin na samira, ƙarfe ne daga ciki. Farin da kuke gani a kansa gilashi ne. A masana'anta akan shafa wa ƙarfen garin gilashi, a sa shi cikin tanda mai zafin digiri 800 ko kusa da haka, gilashin ya narke ya manne. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ku dubi tazarar. Saboda haka ba wanda zai iya mayar da wannan farin a gida, ko da maƙeri ne. Wanda ya ce muku zai mayar da bahonku sabo fil, kuɗinku yake so. Abin da za a iya yi shi ne a kankare tsatsa, a toshe ƙananan kafofi, a rufe da fenti mai ƙarfi, bahon ya ƙara 'yan shekaru yana aiki.

Abu biyu ke kashe baho. Na farko faɗuwa a kan dutse ko siminti, domin gilashi ba ya lanƙwasa, sai ya tsage ya ɓare. Na biyu gugar yashi. Mata da yawa sun saba cuɗa kwanuka da yashi don su yi fes, amma yashi yana karce gilashin, yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙarfe ya bayyana. Da zarar ruwa ya sami ƙarfe, tsatsa ta shiga aikinta.

ME YA SA ZA A DAMU?

Wuri mai santsi, da an zuba ruwa da sabulu ya fita. Wuri mai kaushi kuwa yana riƙe dauɗa da maiƙo da kumfar sabulu, a nan ƙwayoyin cuta ke samun maɓoya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ban da haka bakin ɓarewar kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, fatar jariri kuwa ba ta da kauri. Ku tuna kuma cibiyar jariri rauni ce har sai ta faɗi ta warke.

Mutane sukan ce tsatsa ce ke kawo ciwon sarƙe haƙora. Ba daidai ba ne sosai. Ƙwayar wannan ciwo a cikin ƙasa take zama da kashin dabbobi, tana shiga jiki ta rauni. Amma bahon da ake ajiyewa a ƙasa kusa da turken awaki, ga kaushi ga kaifi, ya haɗa duka biyu, watau ƙwayar da kuma abin da zai buɗe mata ƙofa. Allurar rigakafin da ake yi wa mata masu ciki a asibiti ita ce babbar kariyar jariri daga wannan ciwo, kada a bar ta.

A DUBA TUKUNA

Maigida ya ɗaga bahon sama, ya sa shi tsakaninsa da rana. In haske ya ratso ta kafa ɗaya ko biyu kamar ta allura, ya gyaru. In gindin ya zama kamar rariya, ko yana lotsawa in an danna da yatsa, kada a ɓata kuɗi. A mai da shi na kwasar toka ko taki. Bahon roba da rana ta cinye, ya yi fari yana tsagewa, shi ma ba ya gyaruwa, fenti ba ya kama shi.

Akwai wani gyara da muke gargaɗinku a kansa ƙwarai, shi ne liƙi da dalma. Masu gyaran kwano sukan narka ta su toshe kafa, wasu ma daga tsohon batirin mota suke ciro ta. Dalma guba ce, ta fi kuwa cutar ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu, abin da ta ɓata kuma da wuya ya dawo. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Ta baho ba ta kai wannan yawa ba, gaskiya ne, amma likitoci ba su san wani ɗan kaɗan na dalma da ba ya cutar yaro ba, yaro kuwa yakan sha ruwan wankansa. Wasu fentin mai ma akwai dalma cikinsu. Kada ku karɓi ragowar fentin mota ko na ƙofa don ya zo da araha. Ku nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma, in ba ku iya karatun ba ku sa malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ya duba muku.

YADDA ZA A YI

Fentin da ya dace shi ne mai gwangwani biyu, wanda sai an haɗa su yake daskarewa. Masu sayar da kayan gini suna kiransa ifoksi. Za a kuma bukaci gam irin wannan mai haɗi biyu, da samfefa, watau takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita, da sabon buroshi, da safar hannu ta roba.

Da fari a wanke bahon da ruwan zafi da omo, a sake, har maiƙo ya fita sarai. Yawancin masu wannan aiki a nan suke faɗuwa. Suna ɗokin su ga fari, sai su shafa fenti a kan maiƙo, bayan wata guda ya saɓule kamar zanar maciji. Sa'an nan a jiƙa samfefa a goge wuraren tsatsa har ƙarfe ya yi haske, a kuma goge bakin ɓarewar har yatsa ya wuce ba ya jin kaifi. Sauran farin ma a bi shi da samfefa sama-sama, ya daina sheƙi, don fenti ya sami wurin kamawa. Dalilin jiƙa samfefar shi ne kada ƙura ta tashi ku shaƙa. A ɗauraye, a goge da tsumma mai tsabta, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Kada a bar shi ya kwana a haka, gogaggen ƙarfe nan da nan yake sake tsatsa.

Kafofin a toshe su da gam ciki da waje, in ya daskare a goge ya yi daidai da jikin bahon.

Yanzu sai fenti. A haɗa shi daidai gwargwadon da aka rubuta a gwangwani, kuma iyakar wanda za a shafa a lokacin, domin da an haɗa ya fara daskarewa, ba ya jiran kowa. A shafa shi siriri. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama mai kauri yakan zubo ya taru a gindi, samansa ya bushe cikinsa da danshi. Tsakanin shafi da shafi a jira lokacin da gwangwani ya faɗa. In an gama a ajiye shi a inuwa, a kifa masa babban kwando a yafa tsohon zane a kan kwandon saboda ƙura da kaji. Kada ruwa ya taɓa shi sai bayan kwana 3 aƙalla, mako guda ya fi. Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauko.

WARIN FENTI BA ABIN WASA BA NE

A fili za a yi aikin nan, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Yara da mata masu ciki su nisanta. Wanda ya ji kansa na juyawa ya bar wurin nan take.

A gidajen birni da tsofaffin gidajen ma'aikata akwai babban kwamin wanka wanda aka girke a ɗaki, ba ya ɗaguwa. Samarinmu da ke zuwa cin rani sukan sami aikin fenta irinsa, don haka su ji wannan da kyau. Akwai wani ruwan magani mai cire tsohon fenti, sunan sinadarin cikinsa methylene chloride. Tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a cikin kwamin, daidai inda mai aiki ke sunkuyar da kansa. A Amurka, daga 2000 zuwa 2011, an ƙidaya ma'aikata 13 da suka mutu ta haka suna gyaran kwamin wanka, a 2019 kuma hukumar can ta hana sayar wa jama'a shi don cire fenti. Ɗaure hanci da ƙyalle ba ya tare wannan tururi. In an ba ka irin wannan ruwa a ɗaki marar taga, ka ƙi, ka yi da samfefa ko da za ta ci maka yini biyu.

BAYAN AN GYARA

Uwargida ta lura, bahon da aka fenta na wanka ne da wanki kaɗai. Ba a kwaɓa abinci a ciki, ba a ajiye ruwan sha, ba a kuwa ɗora shi a wuta. Ruwan jego a tafasa shi a tukunya, a fara zuba na sanyi a bahon sa'an nan a surka. A wanke shi da sabulu da soso mai taushi, ban da yashi. Ran da fentin ya fara ɓamɓarewa a daina sa yaro a ciki. Mu dai a ganinmu, in gida na jiran haihuwa kuma da hali, a sayi sabon baho na roba a keɓe wa jariri, gyararren ya zama na manya.

Da an gama wanka a zubar da ruwan a kife bahon. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba, ba kuwa za a ji kukansa ba. Sauro kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, ruwan da aka manta a baho ya ishe shi.

Tun da an taɓa baho, a leƙa daɓen makewayi. In simintin ya tsage, ruwa na kwanciya, gansakuka ta fito, a faɗaɗa tsagar da guduma da babbar ƙusa, a share, a jiƙa. A kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 3 na yashi mai tsabta a cike, a karkata daɓen wajen rariya. Kada a goge shi ya yi sulɓi, tsofaffi da masu ciki za su taka. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, domin simintin da ya bushe da gaggawa ba ya ƙarfi. Ruwan da ke fita ta rariya kada a sake shi kan hanya. A haƙa masa rami mai zurfin kamar mita 1, a cika da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, ramin kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiya.