Yadda mai walda zai kare idonsa da ransa

A Maradun, kamar a Talata Mafara da Bakura, masu walda ne ke gyara ƙofofin ƙarfe, amalanke da injinan ban-ruwa na manoman Bakolori. Abin damuwa, wasunsu baƙin tabarau na rana kawai suke sawa, alhali ba ya tare hasken wutar walda.

Wannan haske yana ƙona saman ƙwayar ido. Ba a jin komai nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, ido ya yi jawur, yana hawaye kamar an watsa masa yashi. Abin da ke karewa shi ne garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 13. Yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe, shi ma haƙƙinsa ne a ba shi ita. Idan ciwon ya kai kwana 2, a tafi asibiti.

Ban da ido, akwai haɗari ga rai: da damina, jiƙaƙƙiyar ƙasa da wayar da robarta ta yage suna sa wutar lantarki ta yi kisa. A sa takalmin roba da busasshiyar safar hannu ta fata. Tankin babur ko duron mai kuwa, ko an juye shi tas, tururin da ya rage ciki yana fashewa da zarar wuta ta taɓa shi.