Ƙwayar Ƙarin Jini: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa wa Matan Ama Hausa

Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu a Najeriya suna da ƙarancin jini. A wajen yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa, kashi 68 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashi 40 a matsayin babbar matsala, mu kuwa mun wuce nan da nisa.

Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato zai iya ɗauka cutar Arewa ce. Ba haka ba ne. A wannan binciken, matan Kudu maso Gabas ne suka fi na kowace shiyya ƙarancin jini, kusan biyu cikin uku. Don haka Bahaushiyar da aure ya kai Ama Hausa ko Gariki a Inugu, ko Titin Bida da Kan Gada a Anacha, ko Oyigbo a gefen Fatakwal, ba ta tsere wa matsalar ba. Ƙidayar tana bin jiha da shiyya ne, saboda haka ita cikin alƙaluman Inugu, Anambara ko Ribas take faɗawa.

Mene ne ake aunawa? Ana ɗiban ɗigon jini a yatsa a duba sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa. In ya gaza giram 11 a kowace desilita, mai ciki tana da ƙarancin jini. In ya gaza 7, ya yi tsanani. Awon bai faɗin dalili, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, har da masu sayar da magani. Ƙarancin sinadarin ƙarfe dalili ɗaya ne. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda aka samu a jinin kashi 23 na ƙananan yara a 2018. Akwai tsutsar ciki, akwai sikila: yaro ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ƙwayar halittarta, sama da ɗaya cikin ɗari kuma yana da cutar sosai. A wani gwaji mai suna IVON da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a Legas da Kano kan mata 1,056 masu ciki da ƙarancin jini, wajen huɗu cikin goma ne kawai aka samu ƙarfe ya yi musu ƙaranci.

Duk da haka, ga mai ciki hujjar shan ƙwayar tana da ƙarfi. Ciki guda yana cin kimanin miligiram 1,000 na ƙarfe, tsakanin jinin uwa da ke ƙaruwa, da ɗan tayi, da mabiyiya, da jinin da za a zubar ranar haihuwa. Tuwo da miya ba su cika wannan gurbi. Shi ya sa aka ce ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum, tare da miligiram 0.4 na folik asid, a ƙasa irin tamu kuma a ɗauki na saman. Lambar 200 da ke jikin kwalin jar ƙwayar nan nauyin gishirin maganin ne; ainihin ƙarfen da ke ciki kusan 65 ne.

Alƙalumin da ya fi damuna shi ne 31. A binciken na 2018, kashi 67 na mata sun je awo wurin ƙwararre, amma kashi 31 ne kacal suka sha ƙwayar kwana 90 ko fiye. Ciki kuwa kwana 270 ne da ɗoriya. Wasu tashin zuciya ke sa su bari, wasu taurin bayan gida, wasu sun ga bayan gidansu ya yi baƙi sun tsorata, alhali wannan alamar maganin ce kawai. Ga kuma maganar da ake yaɗawa a tsakar gida: "Kada ki sha da yawa, ɗan zai yi girma ki kasa haihuwa." A unguwannin Hausawan Kudu akwai ƙarin abubuwa biyu. Ma'aikaciyar jinya tana bayani da Ibo ko Turancin buroka, matar ta gyaɗa kai don kunya. Sannan in ciki ya kai wata bakwai a sa ta a mota zuwa gida goyon ciki, katin awon Inugu ya zama takardar banza a ƙauye, ƙwayar ta ƙare ba mai sayo wata, daidai lokacin da ɗan tayi ya fi jan ƙarfe.

To, batun ƙwaƙwalwar yaro fa? A nan alƙaluma ba su yi magana da murya ɗaya ba. Betsy Lozoff ta bi wasu yara a Kosta Rika tun suna jarirai har shekara 19, ta ga waɗanda suka daɗe da ƙarancin ƙarfe suna baya a gwajin fahimta. A Nepal, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna 'yan shekara 7 zuwa 9 da iyayensu mata suka sha ƙwayar da ciki sun fi riƙe abu a ka da iya sarrafa yatsu. Amma a Bangaladash, gwajin da aka buga a 2021 kan jarirai 3,300 'yan wata takwas ya nuna maganin wata uku ya rage ƙarancin jini, bai ƙara komai a awon fahimta ba. Ni dai abin da na fahimta: rigakafi tun daga ciki ya fi alamar amfani a kan gyara daga baya, kuma duk mai tallan ruwan magani da sunan ƙara basira ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Akwai ma haɗari. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi katutu, an dakatar da wani gwaji na yara sama da 24,000, don waɗanda aka ba ƙarfe sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin ɗari. An buga wannan a 2006. Shawarar yanzu ita ce miligiram 10 zuwa 12.5 kullum ga ɗan wata 6 zuwa 23, wata uku a jere a shekara, amma sai tare da gidan sauro da gwajin zazzaɓi da maganinsa. A Fatakwal da Anacha, inda ruwan sama ke shafe mafi yawan shekara, wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne. Mai sikila ma ba a ba shi sai likita ya auna.

Abin mamaki, unguwannin Hausawan nan su ke ciyar da garuruwan da nama, ƙarfen nama kuwa jiki ya fi tsotsarsa a kan na wake, zogale ko ganyen ugu da maƙwabta ke yabawa. Mahauci ya yini yana yanka, jaririnsa na shan koko zalla. Shayi kuma, wanda namu ne ke sayar da shi a bakin tasha, yana iya hana fiye da rabin ƙarfen da ke cikin abinci shiga jiki. In Malam ya ce wa uwargida, "Hajiya, ki sha maganin da lemo, shayin ki bari sai bayan awa biyu," kuma ya sa ƙwayar wata uku a cikin kayanta kafin ta hau motar Arewa, ya rufe wuraren da kwanakin nan 90 suka fi zubewa.